Kwalba ta Huɗu

Edeya, 7 ga Mayu, 2012

Zuwa ga Farfesa Barnabé Abessolo,
Shugaban ɗakin binciken ƙwayoyin halitta, Yawunde.

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, da fatan kana lafiya, kai da Madam da sauran mutanen gida. Na rubuto da biro na ba direban bas, don na san saƙon kwamfuta ba ka buɗewa.

Yau sati uku ke nan da ka karɓe mini makullin ɗakin bincike a taron Litinin. Na haska hotunana a bango, ka cire tabarau ka goge, ka mayar, sannan ka ce, "Ngo Bikai, wannan ba bincike ba ne, ƙazanta ce. Mai tuyar fanke a bakin titi ta fi ki tsabtar hannu." Sababbin ɗalibai suka yi dariya, don sun ga kana kallonsu.

Kai ka koya mini cewa kowace ƙwayar halitta tana da cibiya inda kayan gado suke. Cibiyar tana lulluɓe da tantani na maiƙo, a ƙarƙashin tantanin kuma akwai saƙa ta furotin da ake kira lamin, wadda take riƙe da ita kamar kwando. Ka ce maiƙo iyakarsa tantani, ba ya ratsa saƙar ya shiga ciki. Na yarda, har na koya wa na bayana. Amma da na yanka hantar ɓera, na rina lamin kore, na rina maiƙo ja, sai na ga ƙananan ɗige-ɗige ja a can tsakiyar cibiya. Kuma ba a warwatse suke ba, suna maƙale ne daidai inda saƙar lamin ta lanƙwasa ta shiga ciki. Wannan shi ne babi na biyar na kundina.

Ka san rajistata tana ƙarewa ranar 30 ga Yuni. Shekara ta shida ce, ba a ƙara wa kowa ko kwana ɗaya. In ba ka sa hannu a takardar miƙa kundi ba kafin ranar, digirin ya tafi, ya tafi da shekaru shidan.

Abu ɗaya nake roƙo. Gilasaina masu ɗauke da yankan hantar suna cikin akwati na goma sha huɗu a firijin ƙasa. Ka ɗauki ko guda ɗaya ka ɗora a madubin ƙara girma ka duba da idonka. Rinin yana dusashewa kullum, ba zai jira mu mu gama fushi ba.

Allah ya ƙara girma.

Ni ce ɗalibarka,
Odile Ngo Bikai


Yawunde, 14 ga Mayu, 2012

Ngo Bikai,

Na sami takardarki, ina amsa gaisuwa. Madam tana lafiya.

Ba zan duba gilashin da aka yi shi ba bisa ƙa'ida ba. Idona ba na wasa ba ne.

A ɗakin nan akwai littafi kore. Da hannuna na rubuta shi, na dawo da shi daga Faransa a 1989, lokacin ke ko makarantar firamare ba ki gama ba. Matakai takwas ne a ciki, daga daskarar da hanta zuwa rufe gilashi. Mataki na huɗu ya ce a tsoma yankin hantar minti goma cikin ruwan kwalba ta huɗu, wato ruwan gishiri mai sabulun ɗakin bincike. Ƙasidu goma sha tara suka fito daga littafin nan, an buga su a ƙasashe huɗu. Ke kin tsallake mataki na huɗu, kuma da bakinki kika faɗa a gaban mutane, kina murmushi kamar wadda ta yi abin kirki.

Bari in gaya miki abin da kika gani, tunda shekara shida ba su ishe ki ki gane ba. Hanta cike take da kitse. Wuƙar yanka tana ratsa ƙwaya, ta kwaso kitsen waje ta shafa shi a saman cibiya. Sabulu yana ɗauke wannan shafe-shafen, ya bar hoto tas. Wanda bai wanke ba, dattin wuƙarsa yake ɗauka a hoto. Ke kuma har babi kika yi wa naki dattin, da lambobi da zane-zane.

Na ji kina taya mahaifiyarki matsar manja a Edeya. Sana'a ce mai kyau. A can in mai ya ɓata waje gogewa ake yi, ba wanda yake tara mutane ya ce ya gano sabon abu.

Ga sharaɗina, ba kuma na ciniki ba ne. Ki cire babi na biyar gaba ɗaya. Babi huɗun da suka rage ba su da wani armashi, amma za su iya ratsa kwamiti. Ki kawo kundin haka, in sa hannu a ranar. In kin ƙi, sunana ba zai hau kan takardar da za ta sa a yi mini dariya a taron ƙasashe ba.

Ki gai da mahaifiyarki.

Farfesa B. Abessolo


Edeya, 19 ga Mayu, 2012

Ranka ya daɗe Farfesa,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mahaifiyata tana amsawa. Na karanta mata abin da ka ce a kan sana'arta, ta tambaye ni ko da ruwan famfo ake yin miya a gidanka.

Gaskiya ne ina taya ta. Da safe a dafa kwakwa, a daka, a matse, da yamma ni ce mai wanke robobi. Kuma tunda ka kawo zancen, zan gaya maka abin da kowace mace a layinmu ta sani ba tare da ta je Faransa ba: sabulu aikinsa ɗauke mai. In ka wanke roba, babban curin man da ya daskare a gindi yakan tsira a wankin farko, amma ƙananan ɗige-ɗige su ne farkon tafiya. Shekara ashirin da uku kana wanke cibiya da sabulu minti goma, sannan ka leƙa ka ce ba maiƙo a ciki. To ina zai kasance?

Kana tsammani ban yi tunanin wuƙa ba? Na yi. Na juya hantar na yanka ta fuska uku dabam-dabam. In shafen wuƙa ne, zai bi inda wuƙar ta bi, sai ga ɗigon bai gusa ba. Na bi cibiya da madubi daga sama zuwa ƙasa, hawa-hawa. Kore a sama, kore a ƙasa, ja a tsakiya. Na ƙirga cibiya ɗari huɗu, kuma a cikin ɗigo goma, takwas suna jingine da lanƙwasar lamin. Wuƙar da ta san inda lamin ya lanƙwasa ta cancanci a ba ta digiri ita ma. Duk wannan yana shafi na 141 zuwa 160, waɗanda na tabbata ba ka buɗe ba, domin har yanzu a manne suke a kwafin da ka jefo mini.

Rabonka da zama a gaban madubi tun kafin in zo ɗakin nan. Hotuna ake kawo maka a tebur, ka zaɓi wanda ya yi kama da na 1989.

Babi na biyar shi kaɗai ne nawa a kundin. Sauran huɗun naka ne, maimaita aikinka na yi da ɓeraye dabam. Ba zan cire shi ba. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba, kullum ina ƙirga kwanakin da suka rage. Amma ba zan tsaya gaban kwamiti in rantse cewa cibiya babu komai ba, alhali na gani.

Akwati na goma sha huɗu yana nan inda na ce.

Ka huta lafiya.

Odile Ngo Bikai


Yawunde, 25 ga Mayu, 2012

Odile 'yata,

Ina gaishe ki, ina gai da mamanki. Ni ce Mama Kengne, mai haɗa muku ruwan kwalabe, in ba ki manta da ni ba tunda kin zama babbar masaniya.

Ke wace irin yarinya ce? Kina can bakin kogi kina cin kifi da miyar mbongo, kin bar mu a nan da wuta. Ranar da takardarki ta iso, Tsoho, wato Farfesa, ya karanta ta a tsaye, ya fito baranda yana ihu, "Manja! Manja za a koya mini!" Ya kori masu share-share, ya sa an sake wanke kwalaben da na wanke jiya-jiya, ya ce shayinsa yana warin sabulu. Ni da nake jiran ritaya a watan Disamba, da ciwon gwiwa, ni ce nake hawa bene ina sauka saboda bakinki.

Shekara ashirin da uku nake ɗakin nan. Na ga masu kai irin naki sun zo sun wuce. Wanda ya ce "to, Farfesa" yau yana da mota da ofis. Ke kin zaɓi ki gaya wa mutum mai furfura cewa aikin rayuwarsa wankin roba ne. Ko gaskiya ce, haka ake faɗinta? Ba ki da kunya, Odile, kuma tun zuwanki na lura, ko gaisuwa sai kin ga dama.

Ya kira ni ofis shekaranjiya ya ce, "Kengne, akwatin yarinyar nan yana cin wuri a firiji. Ki zubar." Na ce to.

Ki ji shawarar uwa. Ki cire babin nan, ki karɓi digirinki, in kin sami naki ɗakin ki cika shi da ɗigo ja har rufi. Ba ke kika fara ganinsu ba, kuma ba ke za ki fara ɓata a kansu ba. Ndzana, wani ɗalibinmu na da, ya fi ki ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba, ya fi ki ladabi, shi ma ɗigon nan ne ya kai shi inda yake. Yanzu yana Duwala yana fama da alli a wata sakandare a unguwar Bonaberi. Haka kike so ki ƙare?

Na sa miki gyaɗa soyayya a cikin ambulan ɗin babba, kada direba ya ce bai gani ba.

Allah ya shirye ki.

Mamanki ta wurin aiki,
Kengne


Duwala, 3 ga Yuni, 2012

Mama Kengne,

Ina gaisuwa. Gyaɗa ta iso, na gode.

Shekara shida ina ɗakin nan ban taɓa jin sunan Ndzana ba, sai a takardarki. Don haka na hau mota na zo Duwala. Sakandare uku na shiga kafin in same shi, a lokacin tara, yana tsaye wajen mai gasa ayaba da alli a gashin kansa. Da na faɗi daga inda nake, sai ya yi dariya ya ce, "Tsoho yana nan da rai? Har yanzu yana goge tabarau kafin ya yanka mutum?"

Ya kai ni gidansa, ya ciro hoto guda daga cikin wani tsohon littafi. Mama, irin hotona na cibiya ne sak. Kore zagaye, ja a tsakiya, jingine da lanƙwasa. A baya an rubuta Maris 1998.

Na ce, "Kai ma tsallake mataki na huɗu ka yi?"

Ya ce, "Ni? Ƙanwata, ni ko tari Tsoho ya yi sai na rubuta. Ban taɓa tsallake komai ba." Ya nuna mini littafin aikinsa. Kowace rana ga alama a gaban mataki na huɗu, minti goma cif. Daga Fabrairu zuwa Afrilu yana ganin ɗigon kullum. A watan Mayu Farfesa ya tsaya a kansa ya ce ya maimaita a gabansa, sai cibiya ta fito wayam. Sau biyar. Farfesa ya ce da alƙalami ja ya ɗiga su a hoto, ya kira shi maƙaryaci a taron Litinin, ya rubuta takardar ɓata suna zuwa duk inda Ndzana zai iya neman gurbi. Ndzana ya ce mini, "Abin da ya fi ci mini rai, na kai shekara biyu ina zargin idona."

A masauki na yi ta juya abin. Mutum ya bi mataki na huɗu, amma ya ga abin da ba a gani sai in babu sabulu. Wata uku yana gani, sannan ya daina. Hannunsa bai canja ba, ɓeraye ba su canja ba. Abin da ya rage shi ne abin da ke cikin kwalbar. Ɗalibi kuwa ba ya haɗa kwalba ta huɗu a ɗakin nan, ba a taɓa yi ba. Mutum ɗaya ke haɗawa, ta manna takarda ta sa harafin K.

Kin ce ba ni da kunya. Na karɓa. Ke da kike da ita, me ke cikin kwalbar nan daga Fabrairu zuwa Afrilu 1998? Kuma kina ina ranar da aka kira shi maƙaryaci?

Kada ki ƙara aiko mini da gyaɗa.

Odile


Yawunde, 11 ga Yuni, 2012

Farfesa,

Ina kwana, da fatan ka tashi lafiya. Na san za ka yi mamakin takarda daga wadda ɗakinta yake ƙarƙashin naka. Na turo ta ƙarƙashin ƙofa ne don in na buɗe baki ba ka bari in kai aya. Shekara ashirin da uku ban taɓa kai aya ba a ofishinka.

A farkon 1998 kayanmu suka maƙale a tashar jirgin ruwa ta Duwala, ka tuna. Sabulun kwalba ta huɗu ya ƙare a ƙarshen Janairu. Na hau bene in gaya maka, na tarar kana zagin mai gadi a kan ya bar taga a buɗe, har kana jifa da littafi. Na tsaya a bakin ƙofa, ka juyo ka ce, "Ke kuma mene ne?" Na ce ba komai. Na sauka na cika kwalbar da ruwan gishiri zalla, na manna takarda, na sa K. Na ce a raina sati ɗaya ne, kaya za su iso. Sai da suka yi wata uku. Suna isowa na haɗa ta daidai, ban gaya wa kowa ba.

Ndzana bai ɗiga komai da alƙalami ba. Abin da ya gani yana nan, ruwana ne bai wanke shi ba. Ranar da ka tsayar da shi a gaban mutane ina zaune a kujerar baya da tiren kofuna a cinyata. Ya waiwayo ya dube ni, ba don yana zargina ba, neman wanda zai ce wani abu kawai yake. Na sunkuyar da kai. Ina da yara huɗu a lokacin, mijina ba aiki. Wannan dalili ne, amma ba ya wanke ni, na sani. Ranar da ya zo kwasar kayansa har sallama ya yi mini, ya ce, "Mama, na gode da komai."

Odile ta je Duwala ta same shi, ita ta tambaye ni me ke cikin kwalbar. Laifina nawa ne, ba na raba shi da kowa. Amma kai ma ka ji naka. Ka gina ɗakin da mutum ya gwammace ya cika kwalba da ƙarya da ya ce maka abu ya ƙare. Kowa a nan haka yake yi maka, har waɗanda kake yabo. In hoto bai yi kama da wanda kake so ba, a aljihun tebur yake kwana.

Akwati na goma sha huɗu ban zubar ba. Yana bayan kwalaben rini, na naɗe shi da baƙar leda. Wannan ne karo na biyu da na ɓoye maka abu.

Yarinyar nan ba ta da ladabi, ban fasa faɗa ba. Amma saura mata kwana goma sha tara, kuma ba zan sake zama a kujerar baya da tire ba. In kora ce, ka kore ni, Disamba ba nisa.

Ka huta lafiya.

Kengne


Yawunde, 13 ga Yuni, 2012

Ngo Bikai,

Ina gaisuwa a taƙaice.

Ashe ba bincike kaɗai kika iya ba. Kin bi bayana kin tono mutumin da aka sallama bisa hujja, kin tsorata tsohuwa mai ciwon gwiwa har ta rubuta mini tatsuniya. Kengne ba ta iya tuna inda ta ajiye makullinta jiya, amma ta tuna abin da ta zuba a kwalba shekara goma sha huɗu da suka wuce. Wa ya tsara mata? Na san salon rubutunki.

Na hana ta taɓa kwalabe daga yau. Tunda kowa a ɗakin nan ya zama abin zargi, ni da kaina zan yanka hanta, in haɗa ruwa, in rina. Hanta ɗaya, gilasai biyu-biyu, ɗaya da sabulu ɗaya babu, ta fuskokin wuƙa uku da kike taƙama da su. Ba don ke zan yi ba. Zan yi ne don in rufe bakin nan har abada, kuma sakamakon zan haska shi a taron Litinin da sunanki a sama, a aika wa abokinki na Duwala kwafi.

Sharaɗina yana nan. Kwana goma sha bakwai.

Farfesa B. Abessolo


Yawunde, 28 ga Yuni, 2012

Ngo Bikai,

Ina gaishe ki da mahaifiyarki. Ba ki amsa takardata ta 13 ga wata ba, kuma ban ga kundi marar babi na biyar ba. Na lura.

Na yi aikin. Ya ɗauke ni kwana goma sha ɗaya, abin da a da nake yi a uku. Hannuna ba kamar da ba ne yanzu, na fasa gilasai bakwai, na yanke a yatsa. Na rufe ƙofa don kada kowa ya gani, amma na san Kengne tana jin ƙarar fashewar daga ƙasa.

Gilasai masu sabulu sun fito tas, kamar yadda suka saba fitowa tun 1989. Marasa sabulu na duba su hawa-hawa, ta fuska uku. Na ƙirga cibiya ɗari biyu da kaina. Na sami bakwai cikin goma a jikin lanƙwasar lamin, ke kin ce takwas. Ki sake duba lissafinki na shafi na 152, ina jin kin haɗa da waɗanda suke bakin tantani. Daga baya na buɗe akwatinki. Rinin ya kusa mutuwa, amma ana gani.

Na maimaita sau uku, ina neman inda na yi kuskure. Ban samu ba.

Na sa hannu a takardar miƙa kundi, da babi na biyar a ciki. Na kai ta ofishin rajista da ƙafata yau da safe, an buga hatimi, ga kwafi na haɗo. Na ja layi a kan mataki na huɗu a littafi kore, na rubuta kwanan wata a gefe. Makullinki yana wurin mai gadi.

Kada ki gode mini, kuma kada ki ɗauka mun shirya. Abin da kika rubuta mini ranar 19 ga Mayu ba abin da ɗalibi yake rubuta wa malaminsa ba ne, kuma a ranar kare kundi zan yi miki tambayoyin da za ki yi gumi. Kengne ta koma kan kwalabenta. Ba ma magana.

Abu ɗaya ya rage. Ki aiko mini da adireshin Ndzana. Akwai takardar da zan rubuta masa, da wasu da zan rubuta a kansa zuwa wuraren da na rubuta a da. Na fara ta sau huɗu.

Ki huta lafiya.

B. Abessolo


Edeya, 2 ga Yuli, 2012

Ranka ya daɗe Farfesa,

Bayan gaisuwa. Kwafin takarda ya iso. Na duba shafi na 152, bakwai ne, kai ne da gaskiya. Zan gyara. Ina dawowa ranar Litinin mai zuwa.

Na je Duwala jiya na karanta wa Ndzana takardarka. Ya saurara har ƙarshe, ya sa na maimaita masa wurin da ka ce ka ƙirga da kanka. Sannan ya ce, "Ƙanwata, kada ki ba shi adireshina. Ina da yara sittin a aji, ga jarrabawa ta zo, ba ni da lokacin karanta wasiƙa. Da a 1998 ya zauna kwana goma sha ɗayan nan."

Don haka ba zan aiko ba. Sunansa zai fito a shafin farko na babi na biyar, da shekarar, ya yarda da wannan.

Ya ba ni hoton nan na watan Maris ya ce in kawo maka. Ya ce ka manna shi a littafi kore, kusa da layin da ka ja, ka goge tabarau ka duba ko akwai alƙalami a jiki. Ga shi a cikin ambulan. Ka riƙe shi da kyau, shi kaɗai ya rage masa.

Allah ya ƙara lafiya.

Ɗalibarka,
Odile Ngo Bikai